Ɗinkin Da Ba Nawa Ba

Shafi na 12

"Ni fa na gama magana. Shekara goma sha bakwai ina ciyar da yaro, ashe ɗan ƙwaya nake kiwo a gidana."

Abbansu ne yake faɗa, yana tsaye a bakin ƙofar falo, riƙe da jaket ɗin Dogo, babban ɗanmu. A aljihun jaket ɗin ne jiya ya lalubo fankon katin ƙwaya har shida, duk an ɓare an shanye. Tun jiyan bai ajiye ta ba, kamar za ta gudu.

Ni ina zaune a kan keken ɗinkina, na kasa taka shi.

Na ce, "Abbansu, ka zauna ka sha shayin nan kafin ya huce."

"Ba na sha. Ki saurare ni da kyau. Na yi magana da abokina mai mota, ana idar da azahar zai zo. Akwai gidan da ake kai irinsu. Wata shida, ba waya, ba ziyara."

"Na ji an ce har sarƙa suke sa wa yara a ƙafa."

"Su sa masa har a wuya."

Dogo yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, hannuwansa baƙi ƙirin da man gareji, don gyaran babur yake koyo. Ko ɗago kai bai yi ba.

Na ce, "Kai kuma ka yi magana mana. Bakinka ɗinke shi aka yi?"

"Me zan ce, Umma? Ai an gani."

"Naka ne?"

"A aljihuna aka samu."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Ya ci gaba da murza man da ke hannunsa.

Abbansu ya ce, "To kin ji dai. Ko musu bai iya yi ba. Ka dubi ƙanwarka, shekararta sha biyar, kullum kanta a cikin littafi har ta rame. Ko don Likitata sai na raba ka da gidan nan, kafin ka shafa mata."

Auta yake nufi. Tun tana aji uku yake kiranta Likitata, duk wanda ya je shagonsa sayen kujera sai ya ji labarin makinta.

Na ga bakin Dogo ya motsa kamar zai yi dariya, sai ya cije.

Abbansu ya jefar da jaket ɗin a kan kujera. "Akwai ƙofar da zan ƙarasa a shago. In na dawo in tarar an haɗa masa jakarsa. Wando biyu, riga biyu, bargo. Sun ce ban da bel, ban da reza."

Ya fita, ya ja get, na ji ya murɗa makulli ta waje.

Ni in raina ya ɓaci, hannuna ba ya iya zama. Na ɗauko jakar, na buɗe ta, na kasa sa komai a ciki. Sai na tuna shekaranjiya na ga Auta ta dawo makaranta da fil a ƙugun siket ɗinta, ya yi mata yawa har yana juyawa. Na ce bari in rage mata, ko na samu abin yi.

Na leƙa ɗakinta. Yau ba makaranta, ƙarfe goma ta wuce tana kwance, ta rufa har ka. Na ce a raina, baiwar Allah, karatu. Na zare siket ɗin daga ƙusar bayan ƙofa na fito.

Karo na uku ke nan ina rage shi a zangon nan. Da hannuna na yanka shi a inci ashirin da takwas. Na mayar da shi ashirin da bakwai, na mayar ashirin da shida. Kowane karo sai in ce jarrabawa ce, in ƙara mata abinci a faranti.

Na juya siket ɗin ciki waje, na kama ƙugun zan farke.

Sai na ji shi da tauri, gudaji-gudaji, kamar an jera tsakuwa a ciki.

Na matsa wajen taga.

A ƙasan ɗinkina na keke akwai wani ɗinkin, na hannu, da shuɗin zare. Ni baƙin zare na sa. Ba ma wannan ba. Duk mai ɗinkin hannu, zarensa gefe ɗaya yake kwanciya. Wannan a karkace yake, ya kwanta ta ɗaya gefen. Ɗinkin bahago ne.

Gidan nan mutum ɗaya ne bahago. Ni na koya mata riƙe allura, na yi fama da ita ta koma dama har na haƙura.

Na dawo wajen keke, na sa reza.

Ƙwayoyi suka zubo a kan farantin keken, ɗaya bayan ɗaya. Guda tara. Ɗaya ta gangara ta shige ƙarƙashin matakin keke.

"Umma."

Na waiga. Dogo ne a tsaye a bayana.

"Umma, ki mayar ki ɗinke."

Na dube shi, na dubi ƙwayoyin. Na zauna.

"Tun yaushe ka sani?"

"Wata biyu."

"Wata biyu kana kallona ina zuba mata abinci ina cewa karatu ne?"

"Na fita gwada babur ɗin wani ne, na hango ta a wani shagon magani bayan tasha, da kayan makaranta a jikinta. Na bi ta. Ta yi min kuka, ta ce in na faɗa za ta je ta kwanta a kan titin jirgin ƙasa."

"Sai ka ɗauki abin ka sa a aljihu."

"Fankon nake kwashewa in zubar a bolar gareji, don kada ki gani a shara. Jiya ne na manta."

"Kai ba ka sha?"

"Umma, ni ko maganin mura sai kin bi ni da tsintsiya."

Gaskiya ne. Wannan ƙaton, allura ma gudunta yake yi.

Ya durƙusa a gabana, ya rage murya. "Ina rage mata ne. Da biyar take sha a rana, yanzu na dawo da ita uku. Ni nake riƙe su, in ba ta da safe. Waɗannan ban san da su ba, ashe ɓoye min take yi."

"Kai likita ne?"

"Na taɓa ƙwace duka. Kin tuna ranar da ta yi ta amai tana rawar ɗari, kika ce zazzaɓi ne, kika shafa mata mai?"

Na tuna. Har tofi na yi mata.

Na ce, "To me ya hana ka faɗa jiya? Ka zauna kamar dutse mutumin nan yana tsine maka?"

"Ni ai na saba. Tun da na bar makaranta ni ne lalataccen gidan. In an ƙara min wannan ba wani nauyi. Ita fa? Jarrabawarta saura sati uku. Kuma kin san hannun Abba, ba ya tambaya sai ya gama. In ya ji Likitarsa ce, ko ya karya ta ko shi ya faɗi."

"Sarƙar fa?"

"Wata shida ne. Ba abin da za su samu a jikina, za su gaji su sako ni."

"Maigidanka na gareji zai jira ka wata shida?"

Ya kawar da kai.

"To na ji, gwarzo. Ka tafi. Gobe da safe wa zai ba ta uku ya hana ta biyar?"

Nan dai bai yi tunani ba.

Na tattara ƙwayoyin a tafin hannuna, na laluba ƙarƙashin keke na ciro ta taran. Na shiga ɗakin Auta, na yaye bargon.

"Tashi."

"Umma, kaina ke ciwo."

"Na sani. Tashi zaune."

Ta tashi tana murza ido. Na buɗe mata tafina. Sai ta daina murzawa.

Yau ne na kalli 'yata. Kullum ina ganinta, amma yau na kalle ta. Wuyan ya zama kamar na kaza, leɓen ya bushe, hannun yana ɗan karkarwa a kan cinyarta. Ni da nake gane an ƙara rabin inci a jikin matar da ban gani ba shekara guda.

Ta leƙa bayana. "Yaya, kai ka faɗa?"

"Ɗinkinki ne ya faɗa," in ji ni. "Yayanki yana can zai tafi a ɗaure shi saboda ke, kina nan kin ja bargo."

"Wallahi ban yi barci ba. Ina jin duk abin da Abba yake cewa. Na so in fito, na kasa."

"Bar wannan. Wace ƙawa ce ta koya miki? Faɗa min gidansu, yanzu in sa mayafi."

"Ba ƙawa ba ce."

"Mai gajeren siket ɗin nan da na hana ki tafiya da ita?"

"Ba ita ba ce."

"Saurayi kika yi?"

"A'a, Umma."

"A waya kika gani? Ni da nake duba wayar nan duk ranar Allah?"

Ta girgiza kai.

"To daga sama ta faɗo miki a baki? Wa ya fara ba ki?"

Ta dubi Dogo. Ya ce, "Ke, yi shiru."

Na ce, "Kai ne za ka yi shiru. Wa ya fara ba ki?"

Ta sunkuyar da kai har haɓarta ta taɓa ƙirji.

"Ke ce, Umma."

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Bara, ranar da zan rubuta lissafi, da ciwon mara ya hana ni miƙewa. Kika buɗe gwangwanin maɓallai, kika ɗauko ragowar maganin da aka ba ki bayan an yi miki aiki. Kika ce in sha ɗaya, yana da ƙarfi, zan iya zuwa."

Na ce, "Sau ɗaya ne."

"Duk wata ne. Kika ce in ya zo in ɗauka, ba sai na tambaye ki ba."

Na jingina da ƙofa.

Haka aka yi. Ban manta ba, ban dai taɓa ɗaukarsa komai ba ne. Kati uku suka rage min bayan na warke. Ranar da za a sallame ni, ma'aikaciyar asibitin ta ce in na daina jin ciwo in mayar musu da sauran. Na ce to, a raina kuwa na ce magani mai kyau haka a mayar? Ni da ko ƙyallen da ya kai tafin hannu ba na yarwa. Na zuba su cikin maɓallai, na ce wata rana za su yi amfani.

Auta ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa. "In na sha, ba ciwon kaɗai ke tafiya ba. Tsoron ma tafiya yake. In Abba ya ce Likitata a gaban mutane, sai in ce a raina, in na faɗi fa? In na sha sai in ji ba komai. Sai na fara sha ko ba ciwo."

"Da nawa suka ƙare fa?"

"Na ɗauki fankon katin na kai shagon. Na ce na mamata ne, an yi mata aiki. Bai tambaye ni komai ba."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shi kaɗai nake ta maimaitawa.

Ni ce mai tashinsu sallar asuba. Ni ce mai shinshina rigar Dogo in ya dawo, ko zan ji warin hayaƙi. Ƙawayen Auta kuwa har iyayensu sai na bincika. Na tsare ƙofa, na tsare taga, na tsare waya. Gwangwanin yana kan kekena, ko murfin kirki ba shi da shi.

Ban yi kuka ba. Ba lokacinsa ba ne.

Na ce, "Dogo, miƙo min wayata."

Na kira ƙanwata, nas ce a babban asibiti. Na faɗa mata komai a tsaye, ban rage nawa laifin ba.

Ta ce, "Yaya, nawa take sha a rana?"

"Wai uku. Ban yarda ba."

Auta ta ce, "Huɗu."

Dogo ya dube ta, ta kawar da kai.

Ƙanwata ta ce, "To ki ji. Kada ki zubar da su, kada ki ce daga yau ta daina gaba ɗaya, jikinta zai iya birkicewa. Kada ki kulle ta a ɗaki. Ki kawo ta yau, ina aiki har la'asar, akwai likitan da yake ganin irin wannan, a hankali ake sauke su. Ki zo da katin in gani."

"Mutane za su gan mu."

"Su gan ku. Layin nan kullum cike yake da 'ya'yan mutanen kirki. Yaya, abu ɗaya: kada a dake ta. Yaran da aka daka, ba dainawa suke yi ba, ɓoyewa suke ƙara iyawa. Maigidan ya sani?"

"Tukuna."

"Allah ya ba ki sa'a. Wannan ba ni da maganinsa."

Na kashe wayar.

Auta ta sauko daga gado ta kama ƙafata. "Umma, don girman Allah kada ki faɗa wa Abba. Zan daina. Ki kai ni wajen Anti a ɓoye, ki ce kasuwa za mu."

"Yayanki kuma a tafi da shi?"

Ta fashe da kuka.

Dogo ya ce, "Umma, shawarar ba ta da laifi fa. Ni in tafi, ke ki riƙa kai ta asibitin. Kafin in dawo ta warke, ta yi jarrabawarta. Ba wanda ya ji."

"Sannu, mai tsara gida. Ni kuma in yi wata shida ina sallah, ina ɗaga hannu, alhali na san na ba da ɗana an ɗaure don in rufa wa kaina asiri?"

"Ba don ke ba ne, don ita ne."

"Har da ni. Kai ma ka sani, shi ya sa ka ce ta yi shiru."



Na ce, "Ke, tashi ki wanke fuska, ki sa doguwar riga da hijabi. Kai kuma mayar da jakar nan saman kwaba."

"Umma..."

"Na ce ka mayar."

Na ƙulle ƙwayoyin a wani ƙyalle, na soke a ƙugun zanina. Na ɗauki gwangwanin na juye shi a tire, na tsince duk wani magani da ke cikin maɓallan: na hawan jinin surukata da ta rasu shekara biyu, na barci, wasu ma ban san na mene ne ba. Na ɗaure su a leda, su ma asibitin za su.

Aka kira azahar. Muka yi sallah mu uku. Ban taɓa daɗewa a sujada irin ta yau ba, kuma ban iya roƙon komai ba sai, Allah ka riƙe hannun bawan nan naka.

Ina naɗe darduma na ji tsayuwar mota. Aka yi hon sau biyu. Makulli ya juya a get.

Auta ta shige bayana, ta damƙe min zani.

Abbansu ya shigo da garin katako a gashinsa. Ya dubi falo.

"Ina jakar?"

"Ban haɗa ba."

"Ba ki haɗa ba." Ya gyaɗa kai. "To ya tafi a haka. Kai, tashi. Mutum yana jira a waje."

Dogo ya yunƙura zai tashi. Na ce, "Zauna."

Ya tsaya a tsakani, bai tashi ba, bai zauna ba.

Abbansu ya dube ni kamar bai san ni ba. Shekara goma sha tara ban taɓa tsallake maganarsa a gaban yara ba.

"Ke kike ɗaure masa gindi ke nan. To bari in gani, ko ni ne uban ko ke." Ya kai hannu ƙugunsa, ya zare bel, ya naɗe bakinsa a hannu. "Zan ƙirga uku."

Na shiga tsakaninsu.

"Ba shi ba ne."

"Matsa."

"Na ce ba nasa ba ne. Bai taɓa sha ba. Na samo mai shi, da hujjata a jikina."

Hannunsa ya ɗan sauka. "Wane ɗan iskan ne? A garejin yake?"

"Ba a gareji ba. Mutum biyu ne, mai sha da wanda ya fara ba shi. Dukansu suna cikin falon nan."

Ya dubi Dogo. Ya dube ni. Sannan idonsa ya sauka kan yatsun da suka damƙe zanina ta baya, ya tsaya a nan.

A waje aka sake yin hon.

Ya ce, a hankali, "Likitata, me kike yi a bayan uwarki? Fito in gan ki."

Ba ta motsa ba.

Na miƙa masa hannuna, tafin a buɗe.

"Abbansu, zan faɗa maka komai, ba zan rage ko kalma ɗaya ba. Amma don Allah, ka fara ba ni bel ɗin nan."